Kafin ku taru a kan ɗan'uwanku marar lafiya

Wata uku ƙanena ya shafe ba ya fitowa daga ɗakinsa sai dare ya raba, wayarsa a kashe, barci kuma ya ƙaurace masa. Da abin ya ishe mu, sai muka taru mu takwas, muka kira shi ba tare da an gaya masa dalili ba, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Har yau ina ganin yadda ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Da muka yi shiru ya ɗago ya ce, "Yaya, kun gama?" sannan ya koma ɗaki ya kulle ƙofa. Mun zo da niyyar ceto, shi kuwa alƙalai takwas ya gani.

Tun daga ranar na daina yarda da tara jama'a a kan mai fama da lalurar ƙwaƙwalwa. Wannan salo na tunkarar mutum ba-zata, wani limamin coci ɗan Amurka mai suna Vernon Johnson ne ya tsara shi a shekarun 1960 domin mashaya giya, kuma ba kowace cuta ce take karɓarsa ba. Mai ciwon damuwa ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi kaya ne a wuyan iyalinsa, taron kuwa yana ƙara tabbatar masa da haka. Wanda cutarsa take sa shi zargin ana ƙulla masa makirci, idan ya shigo ya tarar an haɗa baki a bayan idonsa, me ake so ya ɗauka? Akwai kuma waɗanda rashin gane cewa ba su da lafiya yana cikin alamomin cutar kanta, saboda haka kiran su masu taurin kai zalunci ne, ko da ƙauna ce ta sa aka faɗa.

Ba ina cewa a zuba ido ba ne, domin shiru ma yana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne suke kashe kansu a kowace shekara. Abin da ya yi mana amfani shi ne, na fara zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ni kaɗai, na bayyana masa abin da muke gani, ya koya mini yadda zan buɗe maganar. Bayan haka na zauna da ƙanena mu biyu kawai, ban ambaci sunan wata cuta ba, na dai ce masa na lura ba ya barci kuma hankalina ya tashi, sannan na kama bakina na saurare shi, wanda shi ne mafi wuya a cikin aikin. Na kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mutane suna tsoron wannan tambaya, alhali ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, shi kuwa mai shi sau da yawa sauƙi yake samu da aka tambaye shi.

Idan mutum ya furta cewa zai kashe kansa ko zai cutar da wani, to lokacin lallashi ya wuce. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk wani makami daga kusa da shi, a garzaya da shi sashen gaggawa na asibiti.

Sai a zama na huɗu ƙanena ya yarda mu je asibiti, da sharaɗin a kan rashin barci za a duba shi, na kuwa amince. Likita ya gargaɗe mu cewa maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsa, kuma a cikin makonnin nan sau biyu ya so ya daina sha. Ni nake raka shi ganin likita har yanzu, ina jira a waje sai idan shi ya ce in shigo.