Ba Legas Ce Ta Cinye Su Ba

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, ta hana ni sakat. Lokacin sanarwa aka karanta sunayen waɗanda aka daɗe ba a gani a sujada ba, sai wani dattijonmu ya girgiza kai ya ce, "Yaran nan Legas ta cinye su." Jama'a suka amsa da "Allah ya kyauta," aka wuce zuwa maganar kuɗin gini.

Baba, da dukan girmamawa, ba Legas ce ta cinye su ba. Mu ne ba mu je neman su ba.

Ɗaya daga cikin masu sunayen nan na san inda yake. Gadi yake yi a wani gida can wajen Lekki. Ɗakinsa yana jikin get, tabarma ɗaya da bokiti, sai Littafi Mai Tsarki na Hausa da bangonsa ya yage, ya naɗe shi cikin leda saboda damshi. Ranar Lahadi ita ce ranar da aiki ya fi yi masa yawa: oga zai fita zuwa tasa majami'ar, baƙi za su zo da rana, shi ne mai buɗewa, shi ne mai rufewa. Yakan sa waƙoƙin sujada a wayarsa, abin ji a kunne ɗaya kawai, ɗaya kunnen yana jiran hon. Wannan ne muka karanta sunansa a gaban jama'a kamar wanda ya ja da baya. Wa ya taɓa zuwa bakin get ɗin nan ya yi addu'a da shi? Wa ya san rabonsa da cin jibin Ubangiji?

Ba shi kaɗai ba ne. Ga 'yan matanmu masu aikin gida, da safiyar Lahadi suna gaban murhu, madam ta tafi sujada da 'ya'yanta. Ga masu sauke kaya a kasuwar Mile 12, waɗanda motar tumatir ba ta san Lahadi ba. Ga ma'aikatan jinya da masu aikin dare a kamfani, da ƙarfe takwas na safe idonsu bai ko buɗuwa. Samarinmu 'yan acaba kuwa, tun da gwamnatin jiha ta hana babur a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yuni na 2022, da yawa sun watse zuwa bayan gari, wasu sun koma dako. Da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi, har mai iyali a Ikorodu ko Ajah sai ya zauna ya yi lissafi: a hau danfo da yara zuwa sujadar Hausa, ko a sayi garin da za a ci ranar Litinin?

Mu kuwa har yanzu muna tafiyar da ikkilisiya kamar muna ƙauye. A gida kowa manomi ne, ranar Lahadi ba a zuwa gona, in aka buga ƙararrawa har bayan rafi ana ji, kowa ya tako da ƙafa. Mun ɗauko wannan tsari cur muka dasa a garin da ba ya barci, sa'an nan muna mamakin yadda kujerun matasa suke zama wayam.

Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne, in aka ce ikkilisiya ta tafi da zamani, tunaninmu sai ya tafi kan lasifika, da allon nuna waƙa, da saka sujada kai tsaye a Facebook. Duk mun saya, ban ce laifi ne ba. Amma yaron da yake auna data kamar gishiri, ina zai kalli sujadar awa uku? An gyara kayan sauti, ba a taɓa lokacin sujada ba, ba a taɓa zuciyarmu ba.

Ku tuna da saurayin nan Aftikos a garin Taruwasa, cikin littafin Ayyukan Manzanni. Bulus ya yi ta magana har tsakar dare, fitilu suna ci a bene, barci ya kwashe saurayin a kan taga ya faɗo daga hawa na uku. Da dare suka taru don gutsuttsura gurasa. Kuma da ya faɗi, Bulus bai ce "yaran zamani ba su da himma" ba. Sauka ya yi, ya rungume shi. Mu namu suna faɗowa, muna sama muna karanta sunayensu.

A nan Legas ɗin Turawan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a watan Disamba na 1893, suna neman hanyar zuwa ƙasarmu ta Arewa. Kafin 1894 ta ƙare biyu daga cikinsu sun mutu. Waɗanda suka biyo bayansu ba su ce wa kakanninmu su koyi Turanci tukuna ba, su ne suka zauna suka koyi harshenmu, har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Mutane sun haye teku dominmu, mu kuwa gadar Third Mainland ta gagare mu hayewa domin ɗan'uwanmu? Haba, jama'ar Allah!

Ban ce a canza bishara ba, kada wani ya juya mini magana. Ko wasali ɗaya ba za a taɓa ba. Amma ƙarfe takwas na safe ba aya ba ce. Me zai hana a yi gajeriyar sujada da daren Talata, ko da yammacin Lahadi bayan masu gida sun dawo? Me zai hana Baba Fasto da dattijo ɗaya su ɗauki jibin Ubangiji su kai unguwar da masu gadinmu suke, mutum biyar ko shida su taru a ɗakin ɗayansu? Wa'azin mako a taƙaita shi cikin saƙon murya na minti biyar a WhatsApp, da Hausa, domin ba kowa ke iya karanta dogon rubutu ba. Iyayenmu matan zumunta, ku da ba ku gajiya da ziyara a gida, a nan me ya ɗaure muku ƙafa? Zumunci a ƙafa yake, ku ne kuka koya mana.

Akwai kuma wadda ba ma son a faɗa. Wasu cikinmu yanzu mu ne ogan, mu ne madam ɗin. Kin ɗauko yarinya daga garinku da alkawarin za ki riƙe ta kamar 'yarki. Kina layin gaba da ankon zumunta kina ɗaga hannu, ita tana gida tana wanke tukwane, wata da watanni ba ta taka ƙofar majami'a ba. Mama, ki ji tsoron Allah. Kai ma Baba, maigadinka yana da rai, yana da Mai Ceto kamar yadda kake da shi. Awa biyu a mako ba za ta rushe gidanka ba.

Ku kuma ƙannena da kuke bakin aiki, ban manta da ku ba, ikkilisiya taku ce. Kada kunya ta sa ku ɓuya don kun daɗe ba ku zo ba, ko don ba ku da abin sakawa a baiko. Ku kira, ku faɗi inda kuke. In ranar hutu ta samu, kada a ƙarar da ita duka a gidan kallon ƙwallo.

Ina roƙonku, dattawa, kafin a sake karanta sunan wani a gaban jama'a, a fara aika mutum ya gano shi. Magatakarda, ka buɗe littafin membobi, ka raba mana lambobin wayar nan. Kowa ya ɗauki suna ɗaya. Ku kira yau, kada ku jira Lahadi. Ku tambaye shi ranar da yake samun hutu, ku shiga mota ku je. Don Allah, 'yan'uwa, ku je.