Kun ƙwace robar talla, to me za su ci?

Wallahi abin nan ya ishe ni. Kullum sai a tashi a ce an hana yara talla, a turo mota ana bin titi ana ƙwace faranti, amma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi uwar yarinyar me za ta ɗora a murhu da daddare. Maƙwabciyata mijinta ya rasu ya bar mata marayu, awara take soyawa, babbar 'yar ke kai mata bakin tasha, ko sha biyu ba ta kai ba. Ran nan aka karɓe robar gaba ɗaya har da cinikin da ta ƙulle a gefen hijabi, ta dawo tana kuka takalmi ƙafa ɗaya, waken suyan kuwa bashi aka ɗauko a shago. To yanzu an ceci yarinyar kenan?

Ni fa ba son talla nake ba, kowa ya san abin da 'yan mata ke gamuwa da shi a tasha da kangwaye, kuma ba mu manta Zamfara a 2010 ba, yara wajen 400 gubar dalma ta kashe saboda a tsakar gida ake daka dutsen zinare, talauci ne ya kai mutane can ba son zuciya ba. Amma haba jama'a! Doka kam ai muna da ita, akwai ta kare haƙƙin yara tun 2003, ga ta ilimin bai-ɗaya (UBE) tun 2004 da ta ce karatu kyauta ne kuma dole daga firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, sai ka kai yaro a ce kawo kuɗin PTA, kuɗin jarabawa, ɗinko yunifom, sayo littafi, har tsintsiya, ya shiga aji ya tarar da yara sun fi ɗari a zaune a ƙasa, ya taso da yunwa bai iya rubuta sunansa ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce a 2022 yara sama da miliyan 24 ke aikin ƙarfi, tun kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 kwanon masara ya gagari talaka. Mota nawa za ta kwashe su?

Brazil ma ta yi fama da wannan, sai ta fito da Bolsa Família a 2003, ana ba uwa kuɗi duk wata da sharaɗin yaro na zuwa makaranta, Mexico tun 1997 ta fara irinsa. Mu nan ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 yara sun cika azuzuwa saboda abinci, ina yake yau?

Dan Allah ranka ya daɗe mai mulki, kafin ka sake turo mota, ka cire waɗannan kuɗaɗen makaranta, ka dawo da abinci, ka ba iyaye mata jari, sannan a biya baiwar Allahn nan kuɗin awararta don har yanzu mai shago na aiko mata.