Sai bakin alƙalami ya bushe ake tunawa da fada

Kwanakin baya na halarci wani taron "masu ruwa da tsaki" a otal, kan wani aiki da gwamnatin wata jiha za ta yi da haɗin gwiwar kamfani mai zaman kansa. Na fito raina a ɓace. An jera hakimi da dagatai a kujerun gaba, aka shafe awa biyu ana haska musu zane-zane a bango, bayani duk da Turanci. Da aka ba da damar tambaya, wani dagaci dattijo ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya ce: "Burtalin da ya ratsa filin nan, ina shanu za su bi? Maƙabartar da ke gabas kuma, an cire ta ko tana ciki?" Aka ce masa za a duba. Ashe tun watanni kafin taron aka sa hannu a yarjejeniyar.

Wannan fa shi ne abin da jami'ai ke kira tafiya da iyayen ƙasa. A ƙulla komai a ofis, a kai ziyarar ban girma fada, a ɗauki hoto, sannan a ce wa sarki ya wayar da kan talakawansa. Ranar da manoma suka tare mota mai rusau, shi za a fara bugowa waya.

Mun ga yadda aka sha dambarwa a Jigawa kan kadada 12,000 da aka ware wa kamfanin Lee don noman rake a yankin Gagarawa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, haka ne. Amma gwamna bai san wace gona ce ta gado ba, wacce ke hannun jingina, wacce marayu ke jira a raba. Mai unguwa ne ya sani, domin a gabansa aka yi cinikin, shi ya taka iyakar da ƙafarsa. Duk lissafin diyyar da aka yi ba tare da shi ba, rigima aka shuka.

Masu cewa tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba, ina suke lokacin shan inna? Bayan ƙauracewa rigakafi da aka yi a Kano a 2003, ai sai da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009, masu unguwanni suka riƙa bin ma'aikata gida-gida, kafin a kai ga sanarwar kawar da cutar a 2020. Babu wanda ya nemi sashen tsarin mulki a lokacin. Masu cewa wasu hakimai da kansu ke sayar da filayen jama'a kuwa, to a hukunta wanda aka kama, wannan bai zama hujjar rufe wa al'umma ƙofa ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsawon waɗannan yarjejeniyoyi. Jinginar kasuwa ko hanya ko madatsar ruwa kan kai shekara 20 zuwa 30. Gwamnan da ya sa hannu zai tafi cikin takwas, kwamishina ma ba ya kai haka. Wanda zai zauna da ƙorafin kuɗin shago da na shingen hanya har ƙarshe shi ne mai rawani, shi kuma ba a nuna masa ko shafi ɗaya ba. In ya buɗe baki, ya san takarda ɗaya daga gidan gwamnati ta isa ta raba shi da kujerarsa. Ta yaya za a ce wannan mutum ya tsaya wa jama'arsa?

Majalisun jihohi su sa a doka cewa ba za a rattaba hannu ba sai majalisar masarauta ta ga daftarin da Hausa, an zauna a ƙofar gidan dagaci, an karanta sunayen masu gonaki da adadin diyyarsu a bainar jama'a. Dattijon nan har muka watse ba a ba shi amsar burtali ba, sai ambulan ɗin kuɗin mota aka miƙa masa a bakin ƙofa.