Faransawa ba malalata ba ne

Ana yawan cewa ma'aikacin Faransa malalaci ne, wai awa 35 kawai yake yi a mako, shi kuwa Ba'amurke ba dare ba rana. Wannan magana akwai gyara a cikinta.

Dokar awa 35, wadda ta fara aiki a shekarar 2000, ba ta ce kowa ya kama hanyar gida da zarar awannin sun cika ba. Daga nan ne ake fara lissafin kuɗin ƙarin lokaci, ko a rama wa mutum da ranakun hutu. Mai cikakken aiki yakan kai kusan awa 39.

Gaskiya ne a ƙididdigar OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, Bafaranshe yana yin kimanin awa 1,500 a shekara, Ba'amurke kuma kusan 1,800. Hutu ne ya kawo yawancin bambancin: mako biyar da albashi a Faransa tun 1982, alhali dokar tarayyar Amurka ba ta tilasta wa kamfani ya ba da hutun ko kwana ɗaya ba. Amma in aka auna abin da awa guda take samarwa, Amurka tana gaba ne da rata kaɗan, kuma wannan ya dogara ne da injina da horo da jari.