Ziyarar Jami'a Kafin Cike Fom ɗin JAMB Ba Neman Alfarma Ba Ce

Iyaye da dama a Kaduna suna ɗauka cewa babu amfanin kai yaro ya ga jami'a sai idan akwai wani sananne a can da zai sama masa gurbi. Wannan fahimta ba daidai ba ce, domin tun 2017 hukumar JAMB ke tantance guraben karatu ta tsarin CAPS, wato manhajarta ta intanet ta ɗaukar ɗalibai, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba.

Amfanin ziyarar shi ne yaro da iyayensa su ga inda zai zauna shekara huɗu ko fiye. Wanda ya zaɓi karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello, a harabar Kongo zai yi karatu, ba a Samaru ba, kuma mai son aikin gona a Jami'ar Jihar Kaduna, Kafanchan zai tafi, abin da wasu iyayen ba sa sani sai bayan an ɗauki yaron. Ya kamata a tambaya ko hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin, a duba ɗakunan kwana da ruwa da tsaro, sannan a bar yaron ya yi tambayoyinsa da bakinsa, domin shi ne zai yi karatun.