Asabar ɗin ɗana a Hong Kong da akwatunan makarantarmu

Duk ranar Asabar, bayan sallar asuba, ɗana yakan goge farar rigarsa ta masu girki, ya ninke ta a jaka, ya hau jirgin ƙasa zuwa wata cibiyar horo ta hukumar koyar da sana'o'i da ake kira VTC. Ɗan aji biyar ne a sakandare, amma ranar nan malaman babbar makaranta ne ke koyar da shi, da tandarsu da wuƙaƙensu. Makon jiya ya dawo da ƙuna a ɗan yatsa, bai ko damu ba, sai labarin yadda ake auna zafin tanda yake ba uwarsa.

A nan Hong Kong ana ce wa tsarin ApL, wato Applied Learning, koyo a aikace. Tun da aka sauya manhajar babbar sakandare a 2009, yaro na iya ɗaukar darasin sana'a cikin darussan da yake zaɓa. Yawancin darussan awa 180 ne gaba ɗaya. Akwai girki, harkar jiragen sama, zanen tufafi, aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, har da Sinanci domin yaran da ba shi ne harshen gidansu ba, irin namu. Gwamnati ke biyan kuɗin. Abin da ya fi burge ni shi ne sakamakon yana fitowa a takardar DSE, wato ta jarrabawar kammala sakandare, takarda ɗaya da Lissafi da Turanci.

In na ga ya fita da jakar nan, sai in tuna makarantarmu a gida Najeriya. Mu 'yan tsarin 6-3-3-4 ne, wanda aka ce zai sa kowane yaro ya fita da sana'a a hannu. An kawo injuna daga ƙasashen waje, na gan su da idona cikin akwatunan katako a wani ɗaki da aka kulle. Babu wuta, babu malamin da ya san yadda ake harhaɗa su. Har muka gama ba a buɗe ba. A allo muka koyi zarto, aka zana mana shi da alli. Daga baya aka shigo da darussan sana'a cikin jarrabawar WAEC, amma ƙanena da ya rubuta na kiwon kifi bai taɓa tsayawa bakin tafkin kifi ba.

A ganina, kuskurenmu shi ne mun nace sai kowace sakandare ta mallaki ɗakin aikinta, alhali ba mu da kuɗin hakan. Su kuwa nan sun bar kayan aiki inda suke, suka tura yaran can. Me zai hana mu? Ga Kaduna Polytechnic, ga Ramat a Maiduguri, ga ta Kano, duk da ɗakunan aiki da ƙwararrun malamai. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ma a Kaduna hedikwatarta take. Ga kuma masu sana'a a kasuwar Panteka ta Kaduna, waɗanda hannunsu ya faɗa kan aiki tun kafin a haifi yaran nan. Da a ce jiha ɗaya za ta fara da mota biyu, ta riƙa kwasar 'yan SS2 duk Asabar, ta biya malaman alawus, da mun ga bambanci.

Ba na cewa nan komai ya yi daidai. Iyaye da yawa har yanzu suna ganin ApL na yaran da karatu ya yi wa nauyi ne, kuma mafi girman makinsa ana kwatanta shi da mataki na 4 ko sama da haka ne a ma'aunin DSE, alhali sauran darussa suna kaiwa har mataki na 5 mai taurari biyu. Wannan raini na san shi sarai, da shi muka tashi, muna ce wa yaro "je ka koyi kanikanci" kamar hukunci. Ni ma sai da na yi jim da ya kawo mini takardar in sa hannu, don likita na so ya zama. Na sa hannun, kuma ranar Babbar Sallah da ta wuce shi ya gasa mana naman.