Waya ɗaya a hannu, ɗaya a cinya

Daren jiya bayan isha'i na tsaya shan shayi a majalisarmu ta wajen Ƙofar Na'isa, na tarar da wani ƙanenmu ya duƙufa yana buga ces, wato darar Turawa, a shafin intanet na Chess.com. Waya ɗaya a hannu, ɗaya a cinya. Duk tafiyar da abokin karawarsa ya yi sai ya kwafa a ta cinyar, manhajar Stockfish mai lissafin ces ta ba shi amsa, shi kuma ya mayar. Da aka tashi ya ɗago yana washe baki: "Yaya, na kayar da wani Ba'indiye!" Na ce masa, kai ka kayar da shi, ko dai ɗan aike ka yi?

Samari, wallahi abin ya tsaya mini a rai. Mutum yana can wata ƙasa ya ba ka amana, yana zufa yana lissafi da kansa, kai kuma ka saka masa na'urar da ko zakaran duniya ba ya iya ja da ita. Wannan ha'inci ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Bai ware wasa ba. Makin da kake taƙama da shi zanen aro ne, ba ya rufe katara. Ranar da aka dasa maka allo a gabanka, ba waya, me za ka ce?

Kuma kada ka zaci ba a gani. Masu shafin suna gwada tafiyarka da ta na'ura, suna duba daƙiƙun da kake ɗauka. Wanda tafiya mai sauƙi da mai wuya duk lokaci ɗaya suke cin masa, ai ya tona kansa. A rufe asusun, a mayar wa waɗanda ka cuta makinsu. Rana dubu ta ɓarawo. Ku tuna Hans Niemann, ɗan wasan ces Ba'amurke: a 2022 ya doke zakaran duniya na lokacin, Magnus Carlsen, a wata gasa a Amurka, Carlsen ya fice daga gasar. Ba a kama Niemann da komai a wannan wasan ba, amma da yake ya amsa cewa ya taɓa maguɗi a intanet yana ɗan shekara 12 da 16, zargi ya bi shi har gida.

Ban ma taɓo masu kashe data in sun ga za a ci su ba, su bar mutum yana gadin agogo. Ko masu sa kuɗi, wasa ya koma caca, ladan yana kiran salla suna cewa "saura minti ɗaya". Wannan na wata rana ne. Ni dai wayar cinyar nan ce ta fi ci mini rai, don har tafa masa aka yi, wani ma yana cewa a tura masa manhajar.

Ku gyara, don Allah. A ci ka sau ɗari da kanka, ka koma ka duba inda ka kuskure.

Muna yara, dattawa kan haƙa gurbi 30 a ƙasa gindin dalbejiya, kowa da 'ya'yansa 12, a yi dara har la'asar. Ɗan kallo ko tari ya yi da ma'ana sai an kore shi. Wanda aka ci ya karkaɗe rigarsa, ya yi dariya, ya ce gobe ma rana ce. Yanzu an sare bishiyar, an yi shagon cajin waya a wurin.